Mosse ko Mulcahy: tangaran ɗin wane maginin Ayalan ya fi dacewa da gidanka?

Wanda ya ɗan zauna a ƙasar Ayalan, ko karatu ne ya kai shi ko aiki, ba ya daɗewa sai ya ci karo da sunaye biyu a shagunan kayan hannu: Nicholas Mosse da Louis Mulcahy. Dukansu maginan tukwane ne, dukansu sun kafa sana'arsu a ƙauye a tsakiyar shekarun 1970, kuma dukansu kayansu ba na araha ba ne. Kuɗin kofi ɗaya na ɗayansu zai iya sayo maka kofuna da yawa na kamfani a babban kanti. Don haka mai son ya yi wa gida tsaraba ta gani da faɗa, ko ya haɗa wa amarya kayan teburi, ko ya ajiye wa kansa abin da zai daɗe yana mora, yawanci dole ya tsaya a kan ɗaya. Mutane da yawa suna zaɓa ne da ido kawai, su ce wannan mai furanni ne, wancan mai ruwan teku ne. A ganina bambancin ya fi nan zurfi. Yana cikin irin yumɓun da irin wutar da ya sha, kuma yana cikin hanyar da kowannensu ya bi ya shigo sana'ar.

Nicholas Mosse ɗan gida ne a inda yake aiki. Danginsa masu niƙan fulawa ne a ƙauyen Bennettsbridge, kimanin kilomita 8 kudu da birnin Kilkenny, a bakin kogin Nore. Bai gaji niƙa ba, sai ya tafi Ingila ya koyi ginin tukwane, ya ƙara da zuwa Japan, sannan ya dawo gida ya buɗe wurin aikinsa a 1976. A yau tsohon gidan niƙan danginsa ne ya zama masana'anta da shago, kuma ruwan kogin da a da yake juya injin niƙa shi ne yake samar da lantarkin da ake gasa kayan da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a sana'ar da wuta ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin aiki.

Dawowarsa Kilkenny ta zo a kan gaɓa. Tun 1963 gwamnatin Ayalan ta kafa cibiyar zane da ƙira ta Kilkenny Design Workshops a tsofaffin bargar dawakin fadar birnin, ta gayyato ƙwararru daga ƙasashen Turai domin a ɗaga darajar kayan da ƙasar ke ƙerawa. Cibiyar ta rufe a 1988, amma kafin nan ta riga ta mayar da yankin matattarar maƙeran azurfa, masaƙa, masu hura gilashi da magina. Mosse ya tashi a cikin wannan yanayi, sai dai bai bi sahun masu neman sabon salo na zamani ba. Baya ya waiwaya, ya ɗauko wata tsohuwar hanyar ado ta talakawa: buga zane da soso. A ƙarni na 19 kwanukan da aka yi wa ado da yankakken soso su ne kayan yau da kullum a gidajen manoman Ayalan da Sikotilan, ana jera su a kan kantar kicin, ana shan kunun hatsi da shayi a ciki. Abu ne mai sauƙin kuɗi a lokacinsa, har ya zo ya kusa ɓacewa da kayan inji suka cika kasuwa. Shi ya farfaɗo da shi. Matarsa Susan, Ba'amurkiya mai zanen tsirrai, ita ce take fitar da zane-zanen, kuma yawancinsu daga furannin lambu da na bakin hanya suke: tsohon wardi, fure mai leɓe ja da ke cika shingayen yammacin ƙasar, ganyen ciyawa mai kunne uku, tuffa, da filin ciyawa mai furanni barkatai.

Ka ɗauki kofin Mosse ka kusanto da shi idonka, za ka ga yadda aka yi shi. Kowane ganye da kowane fure bugun soso ɗaya ne. An yanka soson da hannu daidai siffar ganyen, an tsoma shi a launi, an danna a jikin kofin, an ɗaga, an matsa gaba an sake dannawa. Inda soso ya ɗebo launi da yawa, furen ya yi duhu. Inda ya fara bushewa, sai ka ga ƙananan ramukan soson sun fito a jikin zanen kamar an yayyafa. Wani wurin ganye biyu sun ɗan hau juna. Kofuna biyu masu zane iri ɗaya suna kama da juna sosai, amma ba su taɓa zama tagwaye. Farin jikin kuwa ba fari fat ba ne, ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, abin da ke sa launukan su kwanta a ido.

Louis Mulcahy kuwa baƙo ne a sana'ar, baƙo ne kuma a garin. An haife shi a Wexford a 1941, kuma kafin ya shiga ginin tukwane aikinsa ɗaukar hoto ne a gidan talabijin na ƙasa, RTÉ, a Dublin. Albashi ne tsayayye a lokacin da aiki ke wuya a ƙasar. A 1975 ya ci lambar farko ta ginin tukwane a gasar sana'o'in hannu ta ƙasa, kuma a shekarar ce shi da matarsa Lisbeth, 'yar ƙasar Danmak mai saƙa, suka sayar da gidansu suka tattara suka koma Clogher, kusa da Ballyferriter, can ƙurewar Dingle, wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku a gundumar Kerry. Wanda bai san wurin ba ba zai gane girman kasadar ba. Nan ne kusan ƙarshen ƙasa ta yamma, gaba sai tekun Atlantika. Yanki ne da har yau ake magana da harshen Ayalan na asali a gida da kasuwa, kuma yanki ne da matasa suka daɗe suna gudu daga gare shi zuwa Ingila da Amurka saboda rashin abin yi. Tsibiran Blasket da ake hangowa daga gaɓar, a 1953 aka kwashe mutanensu na ƙarshe. A irin wannan wuri mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a yumɓu, nesa da masu saye, nesa da masu kawo kaya.

Kasadar ta biya. Wurin ya girma, ya horar da 'yan yankin ya ba su aiki a gida, ya koyi harshensu har ya zama yana rubuta waƙoƙi da shi da kuma Turanci. A 2004 Jami'ar Ƙasa ta Ayalan ta ba shi digirin girmamawa, shi ne mai sana'ar hannu na farko da ya samu wannan daga gare ta. Lisbeth ita ma ta buɗe shagon saƙarta a cikin garin Dingle. Ina ganin wannan tarihin yana fitowa a jikin kayan. Mutumin da ya shafe shekaru yana kallon duniya ta idon kyamara, ya zo ya zauna gaban teku da duwatsu, ba furanni ƙanana ne za su ɗauke masa hankali ba. Kayansa manya ne, masu faɗin kafaɗa. Akwai tuluna da suka haura ƙugun mutum, akwai gindin fitila masu nauyi, akwai faranti masu faɗi na jingina a bango, tare da butocin shayi, kofuna da kwanukan cin abinci. Adon ba na ƙirga ganye ba ne. Ruwan sheƙin da ake shafa wa kayan kafin gashi, wanda wuta ke narkarwa ya zama gilashi, shi kansa ne adon: shuɗi mai zurfi, ja mai ruwan tsatsa, fari, kore-kore, wani ya gangaro ya haɗu da wani, sannan a ja buroshi sau ɗaya ko biyu da sakakken hannu. Su suke haɗa ruwan sheƙinsu a wurin.

To, a nan gizo ke saƙar. Kayan Mosse na yumɓun matsakaiciyar wuta ne, wanda za ka ga an rubuta earthenware a takardarsa. Irin wannan ana gasa shi ne a zafin da ke tsakanin digiri 1000 zuwa 1150 a ma'aunin Salshiyos. Kayan Mulcahy na babbar wuta ne, stoneware da kuma farin tangaran, ana kai su wajen digiri 1300. Tazarar ba ta da yawa a lissafi, amma a cikin tanderu duniya biyu ce. A matsakaiciyar wuta yumɓu yana taurara amma ƙwayoyinsa ba sa narkewa su haɗe. Jikin yana nan da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma sheƙin da ke samansa ne kaɗai ke hana shi shan ruwa. A babbar wuta kuwa jikin kansa yana fara narkewa ya manne, ya zama kamar dutse, ko babu sheƙi ruwa ba ya ratsa shi. Ka ƙwanƙwasa da farce za ka ji: na babbar wuta yana amsawa da ƙara mai tsayi, na matsakaiciya muryarsa ta fi gajarta.

Mu da muka tashi da randa a tsakar gida mun san rabin wannan magana tun ba a faɗa mana ba. Randa tana sanyaya ruwa ne domin an toya ta a wutar da ba ta kai ta toshe ƙofofin jikinta ba, tana naso, iska na busar da nason tana tafiya da zafi. Lokacin da Michael Cardew, wani magini Baturen Ingila, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, babbar wuta da sheƙi ya kawo. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, kuma tulunanta da aka gasa ta wannan hanya suka zagaya duniya, amma sun yi nauyi kuma sun daina sanyaya ruwa, sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan kallo. Kowace wuta da abin da take bayarwa da abin da take karɓewa.

Me matsakaiciyar wuta ke ba Mosse? Launi. Ja mai haske, ruwan hoda, rawaya da kore shar sun fi tsira da kyansu idan wuta ba ta yi tsanani ba, kuma zane yana tsayawa inda aka ajiye shi, ba ya zuba. Furanninsa ba za su fito haka a digiri 1300 ba. Abin da take karɓewa kuwa ƙarfi ne. Bakin faranti ko kofi na irin wannan yumɓu ya fi saurin ɓantarewa idan ya bugi famfo ko wani kwano a wurin wanke-wanke, kuma da zarar ya ɓantare, jikin da ke ƙasa yana shan duk abin da ya taɓa shi. Haka nan idan shekaru suka ja, sheƙin kan iya yin siraran tsage-tsage kamar saƙar gizo, musamman in ana fitar da shi daga sanyi zuwa zafi kai-tsaye. Ga mai cin burodi da shayi wannan ba wani abu ba ne. Ga gidan da miyar manja da jar miya ba sa yankewa, abin dubawa ne, domin mai yana bin tsagar ya zauna, kuma ba ya fita. Kwanon Mulcahy ko ya ɓantare ba ya shan mai. Ya fi jure hannun yara da yawan wanki. Kuɗin da za ka biya a kan wannan shi ne nauyi, da kuma launukan da suka fi karkata ga duhu da zurfi.

Abu ɗaya ya haɗa su, kuma ina roƙon a riƙe shi: ko ɗaya ba a ɗora shi a kan wuta. Tukunyar ƙasa ta gida tana jure harshen wuta ne saboda jikinta sakakke ne mai yashi, yana buɗewa yana rufewa. Waɗannan ba haka suke ba. Ka ɗora su a kan gas ko murhu, tsagewa za su yi, na babbar wutar ma ya fi saurin yi. Na zuba abinci ne da kai shi gaban baƙo.

Idan niyyarka haɗa jere ne, a nan Mosse ya yi gaba nesa. An gina sana'arsa ne a kan zanen da ake maimaitawa shekara da shekaru. Za ka iya sayen kofi biyu bana, baɗi ka ƙara butar shayi da jog na madara, wata shekarar ka ƙara faranti, duk su zauna tare kamar rana ɗaya aka saye su. Wanda ya fashe ana samun madadinsa muddin ba a daina zanen ba, don haka ya fi kyau a tsaya kan zanen da ya daɗe a kasuwa irin na tsohon wardi, maimakon na wani lokaci na musamman. Zane daban-daban ma suna jituwa saboda farin jikin ɗaya ne. Ga uwar da ke tara wa 'yarta kaya kaɗan-kaɗan, wannan tsari ya yi daidai da aljihu. Mulcahy ma yana da jerin kayan teburi masu launi ɗaya, amma da yake sheƙin yana gudana yadda wuta ta so, na bana zai iya fin na bara duhu ko haske. Wasu wannan ne ma abin da suke so. Wanda ke son komai ya yi daidai wa daida zai ji haushi.

Akwai kuma maganar siffofi, wadda gidaje da yawa a cikinmu suke kula da ita. Mosse yana da jerin da aka buga wa dabbobin gona, shanu, tumaki, kaji, har da alade a wasu, da kuma na lokacin Kirsimeti. Mulcahy yana ƙera fuskokin ado da dogayen mutum-mutumi. In kyauta za ka kai wa surukai ko wani dattijo, ka duba da kyau. A ɓangaren Mosse furanni da 'ya'yan itace sun wadatar. A na Mulcahy kusan duk kayan abinci da tuluna babu siffar komai a jikinsu sai launi, wanda ya sa sun fi sauƙin shiga kowane gida.

Kai kaya gida wani babi ne. Yawancin jiragen da ke zuwa Najeriya kilo 23 suke ba kowace jaka, kuma tulun Mulcahy mai girma shi kaɗai zai cinye wuri da nauyi, ga fargabar yadda ake jifa da kaya. Abin da ya fi shahara da shi ke nan, kuma shi ne mafi wuyar ɗauka. Ƙananan kayan Mosse, kofi, ƙaramin jog, kwanon sukari, suna shiga cikin tufafi ko jakar hannu ba tare da wahala ba. A cusa safa a cikin kofin, a naɗe hannunsa daban, kada a bar biyu su taɓa juna. A shagon Bennettsbridge kuma akan samu waɗanda suka fito da ɗan aibi, ɗigon launi ko ɗan karkacewa, ana sayar da su da ragi. Ga mai amfanin yau da kullum babu abin da ya rage su da shi.

Wanda ke son ya je ya gani da idonsa, tafiyar biyu ba ɗaya ba ce. Kilkenny kimanin awa ɗaya da rabi ce daga Dublin a jirgin ƙasa, daga nan Bennettsbridge 'yan mintoci ne a mota. Za ka je ka ga masu bugun soso suna aiki, ka sha shayi a saman gidan niƙan kana kallon kogi, ka dawo Dublin kafin dare. Dingle kuwa ba jirgin ƙasa. Sai ka sauka a Tralee bayan tafiyar kusan awa huɗu, ka ƙara kimanin kilomita 50 a mota zuwa garin Dingle, sannan ka bi siririyar hanyar gaɓar teku zuwa Clogher. Sai da kwana. Amma a can akwai ɗakin da ake ba baƙo dama ya zauna gaban faifan juyi ya gwada gina tukunya da hannunsa, kuma idan ka fito ka dubi tekun da duwatsun, za ka gane daga ina launukan suka fito. Mai yara da ƙarancin lokaci ya nufi Kilkenny. Mai sha'awar sana'ar kanta, musamman ɗalibin zane ko wanda ya fito daga gidan magina, kada ya bar ƙasar bai je Kerry ba.

Kafin in yanke, akwai na uku da bai kamata a manta ba. Stephen Pearce na Shanagarry a gundumar Cork, wanda iyayensa Philip da Lucy suka fara ginin tukwane a can, yana amfani da jan yumɓun da ake haƙowa a kwarin kogin Blackwater, ya bar wani sashe na jikin ja yadda yake, ya zuba farin sheƙi a sauran. Wanda furannin Mosse suka yi masa yawa, girman Mulcahy kuma ya yi masa nauyi, zai iya samun natsuwa a nan. Shi ma na matsakaiciyar wuta ne, don haka duk abin da na faɗa kan ɓantarewa da mai ya shafe shi.

Ni dai a wajen gwaninta zuciyata tana wajen Mulcahy. Mosse ya ɗauko abu mai kyau ya rayar da shi, ya riƙe ingancinsa shekaru kusan hamsin, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Amma iyakar abin da soso zai iya faɗa sananniya ce, kuma bayan ka ga zane goma ka san na sha ɗaya. A wajen Mulcahy har yanzu akan buɗe tanderu a tarar da abin da ba a zata ba. Duk da haka ba zan ce kowa ya bi ni ba. In tsaraba ce za ta hau jirgi, ko jere ake tarawa a hankali, ko wadda za a ba kyautar mai son fure da haske ce, a sayi Mosse, a zaɓi zanen da ya daɗe, a ware shi don shayi da baƙi. In kuwa kana zaune a Ayalan ko Ingila, kana son kwanukan da za su sha miya kullum su kai shekara ashirin, ko kana son abu guda ɗaya tak da zai tsaya a falo ya cika wurin, ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin Mulcahy. Ka fara da babban kwanon zuba abinci guda ɗaya, ka yi wata shida kana amfani da shi, sannan ka yanke shawarar ko za ka ƙara.